Ranar Da Kowa Zai Biya Wa Kansa

Ubale ya riƙe hannun Alhaji Abdulghaffar a daidai ƙofar bas, ya ƙi saki. Katin Alhajin na tsakanin yatsunsa biyu, saura kaɗan ya taɓa na'urar biyan kuɗi.

"Sau ɗaya, Alhaji. Jiya a masallaci ka ce ka ji."

"Na ji. Sake min hannu."

"Sau nawa za ka taɓa?"

Abdulghaffar ya waiwaya ya dubi layin da ke bayansa. Mutum goma sha huɗu ne a tashar farko ta unguwar Nuzla a Jidda, ƙarfe shida saura kwata na safe, kuma babu wanda bai san ubansa ba a cikinsu. Ya rage murya ya ce, "Ga Khadijatu matar marigayi Bawa can tsaye. Kana so in shige in zauna, ita ta ciro katinta a gabana?"

"Haka takarda ta ce."

"Takarda ba ta ci tuwon gidan Bawa ba. Ni na ci."

Takardar da suke magana, kwana goma ke nan da aka manna ta a gilashin tasha. Ofishin da ke zuba tallafi a ƙananan layukan bas an rage masa kasafi, don haka duk layin da tafiyarsa ta safe ba ta ɗaukar mutum arba'in, ƙarshen wata za a tsayar da shi. A lissafinsu kuma, wannan layin da ke tashi daga Nuzla ya bi ta asibiti da Bab Sharif da Balad ya ƙare a kasuwar kifi ta Bangala, mutum huɗu yake ɗauka.

Ranar da aka karanta takardar, mutane sun ɗauka wasa ne. Bas ɗin da ake tsayuwa a ciki, ana riƙe da rigar juna. Sai da Saif direba, Bahaushen Sudan mai doguwar fuska, ya yi musu bayani. Na'urar ba ta ƙirga kai, kati take ƙirgawa. In kati ɗaya ya taɓa ta sau goma sha biyar, ita a wurinta mutum ɗaya ne mai yawan mantuwa.

To, ba wai mutane ba su da kati ba. Kowa na da nasa, da kuɗi a ciki, don ba a zuwa ƙofar bas hannu rabbana. Dole ka ciro shi, ka ɗaga, ka rantse, a rinjaye ka, ka mayar aljihu, ka yi godiya. Akwai katin da ya shekara uku yana fita yana komawa bai taɓa jin sanyin na'ura ba. A Nuzla ba a barin wanda ka sani ya biya wa kansa kana tsaye, haka aka tarar tun zamanin ƙananan motocin da ake miƙa riyal hannu da hannu. Masu cin nasarar wannan kokawa kullum mutum uku ne: Abdulghaffar mai shagon turare a Balad, da Hajiya Mairo mai sayar da kuka da daddawa a Bab Sharif, da shi Ubale. Na huɗun wani ɗan Filifin ne, ma'aikacin jinya, wanda ake kira Likita. Shi yakan shigo da sauri ya biya wa kansa kafin a ankara, ya wuce baya ya toshe kunnuwa da waya. Mutane na tausayinsa, suna cewa ƙila maraya ne.

Kowa zai ji jiki in aka cire bas ɗin, amma Ubale ya fi kowa sanin inda nasa zai kai. Shekararsa sittin da shida, arba'in daga ciki a Bangala ya yi su yana kankare kifi yana yankawa. Bai iya tuƙi ba, gwiwarsa ta hagu ta daina shawara da shi, tasi kuwa zuwa da dawowa za ta cinye abin da wuƙarsa ta samo. In babu bas babu aiki, in babu aiki babu hayar ɗakinsa. 'Yarsa Dalal ta riga ta gyara masa ɗaki a unguwar Madain Fahd, da mukayyif mai sanyaya ɗaki da labule sabo, a gidan mijinta Raed. Raed mutumin kirki ne, kuma wannan ne ya fi ɓata al'amarin. Da mugu ne da an samu abin faɗa. Amma a ce Ubale, wanda kakansa ya tako da ƙafa daga Katsina har ya ga Ka'aba, ya ƙare yana jiran mijin 'yarsa ya fito daga banɗaki shi ya shiga, yana cin shinkafar da surukinsa ya sayo. Duk sanda ya tuna sai gwiwar ma ta daina ciwo, wani wurin ya karɓa.

Don haka sau uku yana zuwa ofishin nan, yana zama a kujerar jira yana ƙarnin kifi, har suka gaji suka ce za su turo ma'aikaci ya bi tafiya ɗaya ya gani da idonsa. Kati arba'in, kowanne daban. In an samu, layi ya tsira.

Ma'aikaciyar na zaune a kujerar gaba, yarinya ce da ba za ta wuce ashirin da biyar ba, cikin abaya ruwan toka, da bajon aiki rataye a wuya da ɗan allon kwamfuta a cinya. Sunanta Mashael. Tun kafin ta zauna Abdulghaffar ya kai mata farmaki da kati, ta ɗaga bajon ta ce da Larabci, "Mamnu'u, ya ammi. An hana, kawu. Ni ba na biya, kuma ba a biya min. Kamar direba nake." Wannan ya kwantar da hankalin kowa. Wanda ba ya biya sam, babu abin kunya a kansa.

Yanzu ga shi minti bakwai sun wuce, babu wanda ya shiga. Saif ya jingina da sitiyari yana kallon agogo.

"Ya jama'a, yalla," in ji shi. "Lokaci ma ana rubutawa."

Ubale ya saki Abdulghaffar ya juya ga layi. "Rana ɗaya ce. Kowa ya runtse ido ya taɓa nasa ya wuce. Ba wanda zai faɗa a gida."

Kowa ya ce haka ne. Kowa kuma ya tsaya yana jiran wani ya fara. Wani tela ya matso har ƙofa, ya ɗaga kati, ya haɗa ido da ƙanin mahaifiyarsa, ya koma baya yana gyara hula.

Hajiya Mairo ce ta ture su da buhun kukarta ta iso gaba. Gajera ce, mai haƙorin Makka biyu, kuma tun suna yara take tsokanar Ubale.

"Kai mai ƙarni, matsa. Kwana goma kana wa'azi ba ka tambayi abin da ya kamata ba." Ta leƙa ciki ta dubi Mashael, ta juya harshe zuwa Larabci. "Ya binti, wannan akwatin naku, ya san fuska?"

"A'a, Hajja. Kati kawai."

"In na biya wa wannan tsohon da nawa, shi ya biya min da nasa, kati nawa ke nan?"

Mashael ta dubi allonta. "Biyu."

"Mutum nawa?"

"Biyu."

"Halas, shi ke nan." Mairo ta manna katinta a na'ura, ta yi ƙara. "Ubale, yau na saye ka. Biya min mu wuce."

Wallahi sai ka ce an buɗe famfo. Ashe ba biyan ne matsala ba, biya wa kai ne. Mairo ta ajiye buhu ta tsaya a matakala tana haɗa mutane biyu-biyu kamar mai ɗaurin aure. Tela da kawunsa. Wata malamar islamiyya da ɗalibarta ta dā. Akwai wasu maza biyu da suka shekara ba sa ga maciji saboda wurin ajiye mota a lungu, lissafi ya faɗo a kansu, ba yadda za a yi. Na farkon ya taɓa yana kallon rufi. Na biyun ya taɓa ya ce, "Biya kawai na yi, ban yafe ba."

"Ni ma ba kai na biya wa ba, bas na biya wa."

Suka zauna kujera ɗaya don babu wata a kusa.

Abdulghaffar ne ya fi shan wuya. Ya biya wa matar marigayi Bawa, wannan ya yi masa daɗi. Da ta ciro nata katin daga ƙullin gyale, har yanzu da ledar shago a jikinsa, sai ya fara ja da baya.

"Khadijatu, bari. Shekara ashirin ba a biya min mota ba."

"To yau ka ɗanɗana, Alhaji. Mu kullum muna sha, ba mu mutu ba."

Na'ura ta yi ƙara. Alhajin ya je ya zauna ya dafe goshi kamar wanda aka yi wa rasuwa, mutane na wucewa suna ce masa sannu.

Bas ya tashi da kati goma sha huɗu. Ubale bai zauna ba. Ya tsaya jikin sandar ƙofa, kusa da na'ura, yana gadi. A tasha ta biyu da ta uku labari ya riga su isa ta waya, mutane suka riƙa shigowa da abokin biyansu a hannu. Mashael na duban kawuna tana duban allonta, tana taɓawa da yatsa. Ubale bai iya karatun boko sosai ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya leƙa: ashirin da shida.

"Tasha ta gaba Likita ne," ya ce da jama'a, murya ta fara dawo masa. "Ku kalli bawan Allah nan ku koyi hali. Shekara biyu muna cewa ba shi da tarbiyya, ashe shi kaɗai ke riƙe da layin nan da gaskiya. Yau in ya shigo a gaishe shi."

Likita na tsaye da shuɗiyar rigar asibiti, bayansa wata mata mai suna Zakiya da kwandon wanki. Ƙofa ta buɗe, ya hau, yau babu waya a kunnensa. Ya taɓa katinsa. Ubale ya buɗe baki zai sa albarka. Sai Likita ya yi murmushi har kunne, ya sake taɓawa, ya juya ga Zakiya ya dafa ƙirji, ya ce da Hausar da ya kwana yana haddacewa, "Mama, yau ni ne."

Kowa ya juyo ya dube shi. Sannan Abdulghaffar ya miƙe daga makokinsa, ido ya kawo ruwa. "Allahu akbar. Yaron nan ya shiryu."

Mata suka hau sa masa albarka, wani ya ba shi kujera, wani ya miƙa masa dabino. Ubale ya jingina kansa da sanda.

"Duk kwanakin duniya," in ji shi, "yau ya zaɓa."

Ya juya ga Zakiya a hankali. "'Yar uwa, ki taɓa naki ke ma. Ai bai hana ba."

"In mayar masa da alherinsa a fuska? Shekara biyu ana jiran yaron nan ya zama mutum, Malam Ubale, ni ce zan kore shi?"

"To ki biya wa wani."

"Wa? Kowa an biya masa."

Mairo ta ce, "Ta biya wa maigidana. Nan yake zama kullum, kujerar bayan direba."

Mashael ta ɗago. "Ina yake, Hajja?"

"Ya rasu shekara huɗu. Amma wurinsa ne."

"Ina ƙirga kawuna ma, Hajja. Kati ba zai fi kai yawa ba."

"Da kin gan shi da kin ƙirga shi biyu. Kansa babba ne, Allah ya jiƙansa."

Aka ce amin. Kai ɗaya ya tafi a banza ke nan.

Daga nan Ubale ya daina yarda da kowa. Duk wanda ya hau sai ya riƙe masa wuyan hannu ya kai shi na'ura da kansa ya janye. Wasu suka sauka, wasu suka hau. Rana ta fito, zafin Jidda mai danshi ya fara manne riguna da baya. A asibiti Likita ya sauka yana ɗaga wa kowa hannu, da shi da mutum tara. Allo ya nuna talatin da bakwai. A Bab Sharif mata biyu masu sayar da gyaɗa suka hau, suka biya wa juna. Talatin da tara.

Mairo ta ɗauki buhunta. A matakala ta tsaya ta dube shi.

"Saura ɗaya. Ko jaki ka gani ka saya masa kati."

"Ki yi addu'a dai."

"Ina yi. Ba don kai ba, don buhuna."

Tsakanin Bab Sharif da Balad babu kowa a tasha. Saif ya sauke gudu har motocin baya suka fara zagi da oda. A bakin wani shagon shayi suka hango wani ɗan Bangaladash zaune a kan bokiti, da tsintsiyar shara jingine a kafaɗa.

"Tsaya," in ji Abdulghaffar. "Wannan nawa ne."

Ya sauka da babbar jallabiyarsa, ya tsallaka, aka ga yana magana yana nuna bas, yana nuna sama, yana dafa kafaɗar mutumin. Mutumin ya lalube aljihu ya fito da kati. Suka taho tare, Alhajin na riƙe masa da tsintsiya. Mutumin ya sa ƙafa a matakala. Ubale ya ɗan matsa ya ba tsintsiyar hanya, kuma a wannan ɗan matsawar ne hannun Abdulghaffar ya wuce ta ƙarƙashin hammatarsa. Na'ura ta yi ƙara.

Mashael ta dubi allo. "Wannan katin ya riga ya shiga."

Ubale ya juya. Ya dubi Abdulghaffar kawai.

"Ni na kira shi," in ji Alhajin. "Ka taɓa ganin an kira mutum an sa shi biya? Yana zaman zamansa."

"Don me ka kira shi?"

"Don ya cika arba'in."

"Ya cika?"

Abdulghaffar ya dubi katin da ke hannunsa kamar na wani ne. Ya zauna. Ɗan Bangaladash ɗin ya yi godiya sosai, ya tambayi ina motar za ta, da aka faɗa masa ya ce shi ba can za shi ba, ya sauka a tasha ta gaba ya koma da ƙafa.

A Balad kowa ya watse. Abdulghaffar ne na ƙarshe. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "In ka koma Madain Fahd zan riƙa zuwa gaishe ka."

"A wace mota?"

Alhajin ya sauka.

Tsakanin Balad da Bangala tasha biyu ce, kuma a wannan sa'a Ubale kaɗai ke bin ta, don masu kifi na gaske tun asuba suke can da motocinsu. Bas ya zama fanko, sai ɓawon dabino da ƙamshin daddawa. Ubale ya zauna a karo na farko, a kujerar da ke daura da Mashael, ya miƙe ƙafar hagu. Tasha ta farko ta wuce babu ko kyanwa. Saif na tafiya kamar mai rakiyar gawa.

"Baba," in ji Mashael.

Da Hausa ta faɗa. Ubale ya juyo.

"Kai ne Ubale na kifi?" Kalmomin na fitowa ɗaya-ɗaya, da nauyin Larabci a kansu. "Kakata tana cewa, kifi in ba Ubale ya gyara ba, a mayar."

"Wace ce kakarki?"

"Nana Aisha. Ta lungun tanda."

"Mai alkaki?" Ya gyara zama. "Ke jikar Nana Aisha ce kika zauna tun Nuzla kina ce min ya ammi? Ni na ɗauki gawar kakanki. Ina uwarki, Ruba ce ko ƙaramar?"

"Ruba. Muna Aziziyya yanzu." Ta koma Larabci, da alama Hausar ta ƙare. "Baba, saurara. Doka ta ce ma'aikaci na iya hawa da bajo. Ba ta ce dole ba. In na ga dama ni fasinja ce kamar kowa, da katina na kaina."

Ta cire bajon daga wuya ta sa a jaka. Ta ciro kati.

Ubale bai san sanda ya miƙe ba. Gwiwar da ke neman izini kafin ta lanƙwasa, yau ba ta nemi komai ba. Kafin yarinyar ta tashi tsaye yana gaban na'ura, ya rufe ta da tafin hagu, katinsa na dama.

"Mayar da shi jaka."

"Baba."

"Jikar Nana Aisha, a motar unguwarmu, ina tsaye. Mayar."

"In ka taɓa, lamba tana nan talatin da tara. Kuma dole in rubuta fasinja ya biya wa ma'aikaciya. Wannan ya fi rashin arba'in muni, har ni zai shafa."

"To mu yi na Mairo. Ki biya min, in biya miki."

"An riga an biya maka. Naka kuma ya riga ya shiga."

"Saif ya biya miki."

"Direba ba ya taɓa na'ura," in ji Saif, bai juyo ba. "Kuma ga Bangala can, ina ganin rufinta. In na shiga tasha tafiya ta rufe da kanta. Ba zan iya tafiya a hankali fiye da haka ba, ya ammi, sai dai in koma da baya."

"In na ba ki kuɗin a hannu bayan kin sauka?"

"Mamnu'u."

"Kifi fa? Kilo biyu, najil, ki kai wa Ruba."

"Shi ma."

Ubale ya dubi tafinsa a kan na'ura. Ya ce wa hannun ya tashi, hannun ya ƙi. Ya ga ɗakin Madain Fahd da sabon labulensa, ya ga Raed na ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi yana tambaya ko Baba na buƙatar wani abu. Ya kuma ga yarinyar nan tsaye da kati, da goshin kakarta sak.

"Ka rufe ido, Baba," in ji ta. "Daƙiƙa ɗaya ce."

"Kunne fa? Abin yana ƙara."

Saura tasha ɗaya kafin ta ƙarshe, wata 'yar rumfa jikin katangar tashar jiragen ruwa wadda ba wanda ke sauka a cikinta. Ubale ya hango ta tana matsowa.

"Saif, tsaya a nan."

"Nan? Da sauran tafiya, ya ammi. Ga rana."

"Ina da wanda zan gani."

Babu kowa a wurin sai katanga da tankar ruwa da aka ajiye. Saif ya taka birki, ƙofa ta buɗe. Ubale ya mayar da katinsa aljihu, ya ɗauki jakar wuƙaƙensa. Sai da ƙafarsa ta dama ta taɓa ƙasa sannan ya janye tafin daga na'urar. Bai waiwaya ba.

"Ki gaida Ruba," ya ce da katanga. "Ki ce mata ban gan ki sosai ba, mota ta cika."

Ya juya baya ya kama tari, tari mai ƙarfi na wanda ƙaya ta maƙale wa, bai daina ba sai da ƙofa ta rufe, ƙarar injin ta yi nisa.

Tafiyar da bas ke yi a minti uku, shi ta ci masa ashirin da biyar. Gwiwar ta dawo da duk abin da ta ɗaga masa ɗazu, har da ƙari. Manyan motoci na wucewa suna watsa masa iska mai zafi. Sau biyu yana tsayawa ya dafa katanga. Da ya iso Bangala rigarsa ta jiƙe sharkaf, masu gwanjon safe har sun fara wanke tebura.

Bas na ajiye a inuwa. Yarinyar ba ta nan, motar ofis ta zo ta ɗauke ta. Saif na tsugune a gefen taya da kofin shayi. Ya ga Ubale, ya matsa masa a kan dakali. Ubale ya zauna yana mayar da numfashi.

"Arba'in ta rubuta," in ji Saif.

"Ban tambaye ka ba."

"Na sani."

Ubale ya buɗe jaka ya fito da wuƙa, ya gwada kaifinta a farce.

"Wa ya biya mata?"

Saif ya hura shayinsa. "Ni titi nake kallo, ya ammi. Aikina ke nan."

"Haka ne. Titin nan sai da kula." Ya miƙe da ƙyar, ya rataya jaka, ya yi taku biyu zuwa ƙofar kasuwa, ya tsaya. "Kada Mairo ta ji."

"Ta ji me?" in ji Saif.